Ɗaki mai kallon ruwa

Suna ne ya kai mu Legas. Ƙanena, wanda ke aiki da wani kamfanin sadarwa a can, aka yi wa haihuwar fari, namiji. Bisa al'ada gida ya kamata matarsa ta zo ta haihu ta yi wankanta a gaban iyayenta, amma likita ya hana ta doguwar tafiya, sai ya zama mu ne za mu bi ta. Yaron kuwa sunan Baba za a mayar masa, don haka ƙanena ya ce ko ana ha-maza-ha-mata sai tsoho ya zo da ƙafarsa. Gidan da yake haya ɗaki biyu ne da falo, ga maijego, ga gwaggonta da ta riga mu isa don dafa ruwan wanka. Babu inda za a zuba mutum shida. Shi ne ya kama mana ɗakuna biyu a wani babban otal a tsibirin Biktoriya, a bakin ruwan da ya raba tsibirin da Ikoyi, da rangwamen da kamfaninsu ke samu.

Mu mutanen ƙasar Auyo ne, ƙauyenmu na gefen Kogin Haɗeja. Ni malamin firamare ne. Baba masunci ne ɗan masunci, ko da yake tun da ƙarfi ya fara ja baya ya fi mai da hankali kan shinkafa da alkama a fadama. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da aka ɗauka aka kai hawa na tara, aka yaye masa labule, aka ce ya kalli ruwa ya ji daɗi.

Mun fito bayan asuba, muka bi ta Gujungu da Gezawa muka shiga Kano. Kayan Inna sun fi na kowa: gero da kanwa don kunun maijego, yaji mai kimba da masoro, man shanu a galan, daddawa, kuka, da kwali guda na bandar tarwaɗa. A filin jirgin Malam Aminu Kano sai da aka naɗe galan ɗin da leda da salatif kafin su yarda ya shiga cikin kaya. Awa ɗaya da rabi muka yi a sama. Baba ya taɓa zuwa Legas yana saurayi, zamanin Gawon, ya raka wani falke da busasshen kifi a jirgin ƙasa, ya ce har kwana suka yi ta yi a hanya. Har gobe kuma Ikko yake cewa, bai san wata Legas ba.

Daga Ikeja, inda jirgi ya sauke mu, ƙanena ya bi da mu ta doguwar gadar nan ta uku da ta haɗa tudu da tsibiri, wadda Babangida ya buɗe a 1990. Kilomita 11.8 ce, kusan dukanta a kan ruwa. Inna ta runtse ido ta kama salati, yara suka manne da gilashi. Baba kuwa hannun dama ya ƙura wa ido, inda Makoko take: gidajen katako a kan dirkoki cikin ruwa, hayaƙin banda na tashi, kwale-kwale birjik, yara ƙanana na tuƙi a tsaye. Ya ce, "Ga 'yan uwana can. Can za ka sauke mu?" Ƙanena ya yi dariya ya ce a'a Baba, gaba za mu. Baba ya ce ai ya sani, mai kuɗi ba ya kwana inda ake banda.

A ƙofar otal an leƙa ƙarƙashin mota da madubi mai dogon hannu, an buɗe but, an tura jakunkuna ta cikin na'ura irin ta filin jirgi. Wani saurayi ya jera kayanmu a kan keken ƙarfe mai ƙyalli, akwatin maiɗakina a ƙasa, Gana-mas-go ɗin Inna da kwalin kifi a sama. Kafin mu kai teburin karɓar baƙi, warin daddawa da banda ya murƙushe turaren da suke fesawa a zauren. Na zuba ido in ga wanda zai yatsina fuska, ban ga kowa ba. Yarinyar da ke kan tebur ta rusuna wa Baba irin gaisuwar Yarbawa, ta karɓi katin shaidarmu na ɗan ƙasa, sannan ta nemi kuɗin ajiya, wanda suke riƙewa ko da baƙo zai ci wani abu ko ya fasa wani abu, a mayar masa da saura ranar tafiya. Ta wajen ladabi dai ban da abin cewa a kansu, tun daga masu gadi har masu gyaran ɗaki.

A nan na ji abin da ƙanena ya yi ta ɓoye mana. Kwana ɗaya a ɗaki ɗaya ya fi albashina na wata, ko bayan rangwamen. Kuma ɗakunan kashi biyu ne, masu kallon titi da masu kallon ruwa. Gado iri ɗaya, faɗi ɗaya, amma na ruwan ya fi tsada, shi kuma ya kama wa iyayensa. Da na gaya wa Baba sai ya sa na maimaita. Ya ce, "Wato kallon ne ake saya?" Na ce eh. Ya ce, "A garinmu wanda ƙofarsa ke kallon ruwa ai shi ne wanda bai samu fili a tudu ba." Gaskiya ya faɗa. A damunar 2022, da ruwa ya ci Auyo da Kafin Hausa da Ringim da sauran garuruwan bakin kogi, gidajen gaɓa ne suka fara zubewa a ƙauyenmu, muka yi makonni muna kwana a ajujuwan makarantar da nake koyarwa. Ko ba ambaliya, ga sauro, ga danshi da ke cin gindin katanga kowace shekara sai an yi yaɓe.

Ɗakin kansa ba sai na ja magana ba, duk mai kallon talabijin ya ga irinsa. Da kati ake buɗe ƙofa, katin ne kuma ke kawo wuta in an soka shi a bango, ka zare ka fita komai ya mutu. Abin da ba a nunawa a talabijin shi ne babu buta. Bayi ya sha tayil da madubai da fararen tawul da sabulai ƙanana masu ƙamshi, amma babu abin da mutum zai kama ruwa da shi. Allah ya sa maiɗakina ba ta tafiya ba buta, sai dai guda ce, ta yi ta yawo tsakanin ɗakuna biyu har ƙanena ya sayo wata. Duk wanda zai sauka a irin wannan wuri daga wajenmu, ya sa buta da darduma a jaka tun daga gida. Alamar alƙibla ma babu, da waya muka nemo ta: gabas ce mai karkata arewa, ta ɗan fi tamu karkata. Lokutan salla sun ja baya, don Legas tana yamma da mu sosai, azahar ɗinsu na shiga bayan tamu da kusan rabin awa. Kiran salla kuwa ba ya ratsa gilashin nan, sai dai mutum ya dogara da agogo.

Akwai ɗan ƙaramin firij cike da lemo da ruwa da cakulan da kwalaben giya, a kansa kuma an jera kayan ƙwalama. Na buga musu waya na ce a zo a kwashe giyar, aka turo yaro ya kwashe ba musu. Sauran na ja wa yara kunne kada su taɓa, don kowanne da farashinsa a wata takarda da aka jingine a gefe. Inna ce dai ɗakin bai karɓe ta ba. Taga ba ta buɗuwa, sanyin na'ura ya sa mata mura, ta ce iskar ɗakin ba ta Allah ba ce. Katifa ta yi mata laushi har bayanta ya ƙage, daga daren farko ta sauke bargo ƙasa ta yi shimfiɗarta a kan kafet.

Washegari da sassafe na shiga gaishe su na tarar Baba ya ja kujera gaban taga, carbi a hannu amma ba ja yake ba. Ko amsa gaisuwar bai gama ba ya ce, "Malam, zo ka gani. Kogin nan ba shi da gaskiya." Jiya da yamma ya ga robobi da wata koriyar ciyawa mai yawo a kan ruwa suna tafiya hannun dama. Yanzu ga su nan suna komawa hagu. Mutumin da ya tashi a kan ruwa tun yana ɗan shekara bakwai, ya san kogi hanya ɗaya gare shi. Namu daga wajen Kano yake gangarowa, ya bi ta gabanmu ya nufi Nguru da Gashuwa, har ya ƙare a Tafkin Chadi, bai taɓa waiwaye ba. Ya ce in kai shi ƙasa ya gani da kyau.

Bayan otal ɗin akwai dakalin siminti da matakala da ta sauka cikin ruwa, inda ƙananan jirage ke ɗaukar baƙi. Baba ya tuɓe takalmi, ya tattare riga, ya tsuguna a matakalar ƙarshe da ruwa bai rufe ba. Ya ɗebo a tafin hannu ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tofar. Mai gadin wurin ya zaro ido ya dube ni. Baba ya ce, "Da gishiri-gishiri, amma ba can ba." Ya shafa jikin simintin, ya nuna mini layin gansakuka da ƙananan ƙumba da suka manne, ya ce iyakar ruwan ke nan in ya cika, kuma kullum yake kaiwa nan, in da shekara-shekara ne da sun bushe sun zube. Ya ɗauki ɗan dutse ya karce daidai inda ruwa ya tsaya, ya ce mu dawo bayan azahar. Da muka dawo, matakala uku sun fito fili, jiƙaƙƙu, ƙananan kaguwa na gudu a kansu.

Abin da na sani daga littafi na gaya masa. Wannan ba kogi ba ne, mashigi ne mai baki biyu. Ɗaya ya buɗe wajen tashar jiragen ruwa inda tekun Atlantika ke shigowa, ɗaya ya buɗe cikin babban tafkin Legas, wanda koguna irin su Ogun ke zuba wa ruwan daɗi. Wata ne ke jan ruwan teku, ya cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, shi ya sa cikar kowace rana ke makara da kusan minti 50 a kan ta jiya. In ya cika ya tura ruwa ciki, in ya janye ya tsotso shi waje. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da rana da wata suka haɗa ƙarfi a layi ɗaya. Da damuna ruwan koguna ke rinjaye, da rani gishiri ya yi yawa, ita kuma ciyawar nan ba ta jure gishiri, shi ya sa take da lokacinta. Na sha koyar da wannan a aji, ina zana wata da duniya a allo, ga yaran da ba su taɓa ganin teku ba, ni ma malaminsu haka. Baba ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni nawa ga wata yau, ya yi ɗan lissafi da yatsu, ya ce to shi ya sa.

Abin da ya gano shi ne masuntan wurin. Tun da safe ya lura da wani mai kwale-kwale da ke jifa da birgi a gefen gadar Falomo, ya ga ba ya fitowa sai ruwa ya kusa tsayawa tsakanin shiga da fita. Ya yi ta kallon yadda yake tattara birgin a hannu, ya juya ƙugu, ya sake shi ya buɗe da'ira cikakkiya kafin ya taɓa ruwa. Ya ce hannun yaron ya faɗa, ubansa ya koya masa da kyau. Da mutumin ya matso kusa da dakali Baba ya yafito shi. Ba Hausa ba Turanci, amma sai da suka yi kusan rabin awa suna hira da hannu. Ya buɗe masa cikin jirgin: karfasa, wadda Baba ya gane nan take, da wani farin kifi mai ƙaya ɗan uwan kurungu, da kaguwa, da jatan lande. Baba ya duba idon birgin, ya auna da yatsa, ya girgiza kai, wai ya yi ƙanƙanta, yana kwashe 'ya'yan da ya kamata a bar wa baɗi. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya nuna cikinsa. Wannan amsar ba ta buƙatar tafinta, a Haɗeja ma ita ake bayarwa.

Ita kuwa ciyawar, Baba ya ce kowane ruwa da abokin gabarsa. Namu kacala ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwa ya daina zuwa ya wuce a kan lokacinsa, ya koma kwanciya a magudanai rani da damuna, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi. In ruwa ya zo da yawa bai samu hanya ba, sai ya faɗa gonaki da gidaje. Kafin mu bar otal ɗin Baba ya zama shi ke gaya wa mai gadi lokacin da ruwa zai cika gobe, ni ina tafinta, kuma bai saɓa ba.

Wani abu da ba a gani daga hawa na tara shi ne ƙazanta. Daga sama ruwan na sheƙi, da dare fitilun Ikoyi na rawa a kansa, gadar Lekki da Ikoyi mai igiyoyin ƙarfe, wadda aka buɗe a 2013, na haske daga nesa. Ka sauko kusa sai ka ga leda da robobi da takalma da maiƙon inji. Ba mai shigarsa. Otal ɗin ya gina nasa kududdufin wanka mai shuɗin tayil, taku kaɗan daga gaɓa. Yarana a fadama suka koyi iyo, ɗan autana mai shekara tara ya faɗa wajen mai zurfin ya ɓace, sai ga shi ya ɓullo a ɗaya ƙarshen, mai tsaron wurin har ya miƙe zai yi tsalle. Maiɗakina kuwa juya kujerarta ta yi tana fuskantar bango saboda shigar masu wankan, ta kuma hana babbar 'yarmu shiga sai da sassafe kafin mutane su fito.

Karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki, ka ɗauki faranti ka zuba son ranka. Akwai ƙosai, alale, doya dafaffiya da soyayya, miyar ƙwai, kokon masara fari fat ba citta ba kanumfari, burodi kala-kala da 'ya'yan itace. Akwai kuma naman alade, an rubuta a ɗan allo da Turanci a gaban kwanon, wanda ba shi da amfani ga wanda bai yi boko ba, don haka ni ke shiga gaban tsofaffi ina nuna wannan a ci, wannan a wuce. Inna ta ce ita ba za ta ci naman da ba ta san wanda ya yanka ba, ta tsaya kan ƙwai da burodi da shayi, da yajinta a ƙullin leda. Abin da ya fi damunta shi ne yadda mutane ke cika faranti su ci rabi su tashi. Kullum sai ta bi farantan da ido har a kwashe.

Abincin dare sau ɗaya muka gwada a can, muka tuba. Farashin da ke jikin takarda ba shi ne abin da za ka biya ba. Za a ɗora harajin kayan masarufi na tarayya, kashi 7.5 cikin ɗari, a ɗora na jihar Legas kan otal-otal da gidajen abinci, kashi 5, sannan a ƙara kuɗin hidima. Baba ya nemi sanin kuɗin gasasshen kifi guda da aka kawo masa, ƙanena ya yi ta hanya-hanya bai faɗa ba. Daga ranar a gidan maijego muke cin tuwo da miyar kukar Inna, in mun dawo da dare mu biya ta Obalende mu sayi tsire wajen 'yan uwa.

Abu ɗaya Baba ya roƙa a yi masa a tafiyar nan, a kai shi Bar Beach. A can ya fara ganin teku, can ne kuma a da sojoji suke ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna su harbe a gaban jama'a, inda aka harbe ƙasurgumin ɗan fashin nan Oyenusi a 1971. Ƙanena ya bi da mu ta titin Ahmadu Bello ya tsaya ya ce ga shi nan. Babu bakin teku. Sai shinge, da fili fetal na yashi, da dogayen benaye jefi-jefi. Tekun ya koma can nesa. Wurin yanzu Eko Atlantic ake kiransa.

Yadda abin ya faru shi ne, tsakanin 1908 da 1912 Turawa sun gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya gabas. Da aka tare shi sai ya taru a yamma, Bar Beach da ke gabas ta daina samun sabo, teku ya yi ta cinta shekara da shekaru har ya kai yana hawa titin Ahmadu Bello yana shiga gine-gine. Wajen 2008 aka fara aikin haƙo yashi daga ƙasan teku ana cike wurin, aka kare shi da katanga da aka tsara za ta wuce kilomita 8, ta manyan duwatsu da curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne.

Baba ya ji bayanin ya ce, "Jinga ce." Jinga ce kuwa, irin wadda muke yi da buhunan yashi da gayya, dare da rana da tocila, duk shekarar da kogi ya kumbura. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ruwa ba a kashe shi, kora ake yi. Wa aka kora wa?" Ƙanena ya ce mutanen ƙauyukan gaɓa da ke gabas, wajen Lekki, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan cewa tun da aka fara aikin teku ya ƙara cin ƙasarsu. Baba bai yi mamaki ba. A wajenmu in ƙauye ya ɗaga jingarsa, na tsallake ne ke kwana cikin ruwa, har ta kai ana sa matasa gadin jinga da dare kada a zo a fasa, maganar ta ƙare a gaban hakimi.

A hanyar komawa ƙanena ya nuna mana wata unguwar manyan gidaje da kantuna ya ce nan ce Maroko a da. A watan Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya sa aka rushe ta, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Hujjar da aka bayar ita ce wurin kwari ne, ruwa na cinsa, zama a cikinsa haɗari ne ga lafiya. Bayan an kwashe su aka zuba yashi, ya zama fili mai tsadar da sai wane da wane. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da na gani a Legas. Da na koma ɗaki na tsaya a tagar nan, na ga ba kallon ruwa ƙanena ya saya wa iyayensa ba. Abin da ya biya shi ne siminti da yashi da famfunan zuƙe ruwa da janareta, waɗanda suka sa mutum zai kalli ruwa ya juya ya yi barcinsa ba tare da ya tashi tsakar dare ya haska tocila ya ga inda ya kawo ba. Na so in ce masa kuɗin sun yi yawa, da ya ba mu mun ƙara buhunan jinga. Na fasa, don na ga yadda yake satar kallon Baba duk lokacin da tsohon ya yi dariya.

Goron Baba ya ƙare wata yamma muka fita neman sa. Da ka bar ƙofar otal ka ɗan taka, Hausa ce ke tashi ta ko'ina: 'yan canji, mai shayi, mai gyaran takalmi, mai yankan farce. Muna ciniki sai wani saurayi ya ji harshenmu ya sheƙo ya zube gaban Baba. Mutumin Kafin Hausa ne. Acaba yake yi a da, har watan Yunin 2022 da gwamnatin Legas ta hana babura a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa inda muke tsaye. Aka ƙwace babur ɗin, a damunar shekarar kuma ruwa ya cinye musu shinkafa a gida, ya rasa ta gaba ya rasa ta baya. Yanzu gadin wani bene yake da ba a gama ginawa ba, a can yake kwana. Da Baba ya ba shi labarin ɗakinmu sai ya ce, "Ai Baba ni ma ɗakina ruwa yake kallo, sai dai ba taga ba ƙofa." Baba ya ce ya zo mu hau ya ga wurin, ya dubi kayan jikinsa ya ce a bari sai wani jiƙon. Shi ya biya kuɗin goron, rantsuwa ta hana mu mayar masa, ya kuma ba ni saƙon kuɗi in kai wa mahaifiyarsa.

Sunan ya yi kyau. An raɗa shi bayan asuba a masallacin unguwarsu, aka yanka rago, maƙwabta Yarbawa da Ibo suka cika gida, kunun kanwar Inna ya samu masoya. Baba ya ɗauki takwara ya yi masa addu'a, ya ce in ya yi wayo a kawo shi ya koyi iyo a ruwa mai gaskiya.

Ranar tafiya yarinyar tebur ta buga takarda ta miƙo, aka ga an cire wani abu daga kuɗin ajiya. Kwalbar soyayyar gyaɗa ce, 'yar ƙarama, daga cikin kayan kan firij. Ɗan autana ya sunkuyar da kai. Da aka haɗa da haraji, kuɗinta sun fi na kwanon gyaɗa a kasuwar Auyo. Inna, wadda ta shekara talatin tana suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida, ta sa na faɗa mata kuɗin sau biyu. Ta jawo yaron ta ce, "Maigida, da me suka soya ta?" Ya ce gishiri ne kawai, kuma wasu sun ƙone. Ta aike shi ya koma sama ya ɗauko mata kwalbar tunda an biya, ta juya ga ƙanena ta ce, "Kai, ka bincika mini wanda ke kawo musu gyaɗar nan. Ka ce musu tawa ba ta ƙonewa, kuma a rabin kuɗin zan ba su."